Lita Ɗaya Ce Kacal: Yadda Ake Duba Baƙin Man Babur da Yi Masa Juye

Mai babur ba ya mantawa da fetur. Kafin ya buga kik sai ya buɗe tanki ya leƙa, ko ya girgiza babur ɗin ya saurari motsin mai. Taya ma yakan ɗan taka ta ya ji iska. Amma baƙin mai sai a yi wata guda ba a kwance murfinsa ba. Dalilin a fili yake: idan fetur ya ƙare, babur mutuwa yake yi nan take, ka tura shi zuwa wurin 'yan bumburutu, ka sha gumi da 'yar kunya, shi ke nan. Baƙin mai kuwa ba ya sallama idan zai tafi. Babur zai ci gaba da gudu yana cin kansa a ciki, ranar da zai yi magana kuma, maganar sauke inji ce.

Ni sai da na biya kuɗin makaranta kafin na koya. An yi mini juye a wani gareji, yaron da ya ɗaure notin ƙasa ya manta bai mayar da wosha ba. Kullum da safe ina ganin ɗigo biyu ko uku a zaure inda nake kafe babur ɗin, ina share su da ƙafa. Bayan sati uku, a hanyar Funtuwa da rana tsaka, injin ya fara wata ƙara kamar ana kaɗa cokali a gwangwani, ƙarfi ya ragu, sai ya tsaya cak, kik ya ƙi sauka. Fistin ya kama. Na daɗe ina zagin yaron nan a zuciyata, amma gaskiya laifinsa na rana ɗaya ne, nawa na kwana ashirin.

Abin da ya sa ɗigo ke kashe babur alhali mota tana jurewa shi ne yawan man. Ƙaramar mota tana ɗaukar wajen lita huɗu. Baburan da muke hawa, masu cc 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer, TVS, Jincheng, Haojue da Qlink, yawancinsu tsakanin lita 0.8 ne da lita 1.2. Idan rubu'in lita ya tafi a mota ba a ma lura. A babur, kashi ɗaya cikin huɗu na man ne ya tafi. Kuma wannan 'yar litar aiki uku take yi lokaci guda: ita ke shafe fistin da sauran ƙarafan inji, ita ke cikin giya haƙoran ƙarfe suna tauna ta, ita ce kuma faifan kuloci ke iyo a ciki. Ga shi injin ba shi da lagireto, iska ce kawai ke sanyaya shi, sai man da ke kwaso zafi daga can ciki ya kai wa bango. Ka tuna wannan a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, zafi ya haura digiri 40, kana tsaye a cunkoso ba iskar da ke bugun inji.

Fara da sanin irin injinka

Injin babur iri biyu ne, kuma maganar da ta dace da ɗaya ba ta dace da ɗayan ba. Mafi yawan baburan yanzu masu bugu huɗu ne, man da suke sha ana rubuta 4T a jikin robarsa. Man yana zaune a ƙasan inji, famfo yana tura shi sama yana dawowa. Akasarin wannan bayani a kansu ne.

Akwai kuma masu bugu biyu, irin tsohuwar Suzuki AX100 da Jincheng ɗin da aka kwaikwaya daga gare ta, da tsohuwar Vespa, waɗanda ake gane su da siririyar ƙara da shuɗin hayaƙi. Su ƙona mansu suke yi tare da fetur. Man 2T ko dai a gauraya shi a tanki, ko a zuba shi a ɗan tankinsa na daban a gefe. Idan irin wannan ne babur ɗinka, aikinka shi ne kada ɗan tankin nan ya taɓa bushewa, sannan ka tuna giyarsa tana da nata man daban da ake canzawa. Kada a zuba 2T a injin 4T, kada kuma a mayar da 4T abin gaurayawa da fetur, yana toshe salansa da baƙin gawayi yana kashe fulogi.

Dubawa

Minti biyar ne aikin, har da jira. Kayan aiki tsumma ne mai tsabta, ba wanda aka goge ƙasa da shi ba.

Da farko nemi wuri mai daidai, siminti ko ƙasa mai tauri, ba gangare ba. Tayar da babur ka bar shi a silo minti uku zuwa biyar, kada ka riƙa murza totur. Sai ka kashe, ka jira minti biyu ko uku. Jiran nan ba ɓata lokaci ba ne. Lokacin da inji ke aiki, man yana warwatse a sama, a kan inji da jikin kuloci da giya. Idan ka zare geji, wato tsinken auna mai, da zarar ka kashe, zai nuna maka ƙasa da abin da ke ciki, ka ƙara mai ba gaira ba dalili. Idan daga doguwar tafiya ka dawo, ka ba shi ko da minti biyar. Dubawa da sassafe kafin a tayar da inji ma tana ba da amsa mai kyau, sai dai ka riƙe hanya ɗaya kullum, don ka iya gwada na yau da na jiya.

Na biyu, kuma nan ne mutane suka fi faɗawa: babur ya tsaya a miƙe. Ɗora shi a kan ƙafar tsakiya. Idan ta karye ko an cire ta, kamar yadda masu ɗaukar kaya da yawa ke yi, sa wani ya riƙe maka kan babur ɗin a miƙe. A kan ƙafar gefe babur yana kwantawa ne hagu, man duk ya gangara can, geji kuwa a yawancin ƙananan babura yana dama. Sai mutum ya zare ya ga busasshe, hankalinsa ya tashi, ya antaya rabin lita a injin da ba ya buƙatar komai.

Na uku, goge kewayen murfin kafin ka kwance shi. Ƙura da yashi suna taruwa a gindinsa, musamman da hunturu, kuma da ka buɗe ciki za su faɗa. Kwance murfin, za ka ga ɗan tsinke manne da shi, shi ne geji. A ƙasansa akwai zane biyu, ko wani wuri mai saƙa-saƙa: ƙarshensa na sama shi ne cika, na ƙasa shi ne iyakar haɗari. Goge shi tas. Abin da ka gani a zarewar farko ba shaida ba ne, fantsama ce.

Na huɗu, mayar da shi ramin. A nan akwai tambayar da ko bakanikai suna musu a kanta: a murɗa shi ya shiga, ko a ɗora kawai? A injinan Honda da ɗimbin injinan Sin da aka ƙera a kan tsarinsu, ɗora shi ake yi a bakin ramin ya zauna, ba a murɗawa. Idan ka murɗa, tsinken ya ƙara nutsewa da tsawon tiredin, wato zaren murɗin murfin, sai ya nuna maka mai ya kai tsakiya alhali yana bakin layin ƙasa. Wannan ƙaryar ta fi ta ƙafar gefe illa, don waccan tsorata ka take yi, wannan kuwa kwantar maka da hankali take yi. Akwai 'yan baburan da kamfaninsu ya ce a murɗa, shi ya sa ɗan littafin da ke zuwa da sabon babur yake da amfani, wanda mu kan bar shi a ledarsa har ya ɓace. Idan ba ka da littafin, ga dabara: ranar da aka yi juye aka zuba daidai adadin da inji ke ɗauka, gwada hanyoyin biyu. Wadda ta nuna kusa da layin sama ita ce ta babur ɗinka.

Na biyar, zare ka duba a haske, ka riƙe shi kansa na kallon ƙasa don kada man ya gangaro sama. Man ya kasance tsakanin layukan biyu, an fi so ya kusanci na sama. Idan yana layin ƙasa ko bai taɓa tsinken ba sam, kada ka ce bari in kai yara makaranta in dawo. A ƙara tukuna.

Wasu babura ba su da tsinke, sai ɗan gilashi zagayayye a ƙasan inji ta dama, da zane biyu a gefensa. Ƙa'idar ɗaya ce: a miƙe, bayan jira. Tsuguna idonka ya yi daidai da gilashin. Idan ka ga gilashin ya cika baƙi ƙirin ba ka ganin saman man, ko dai ya yi yawa ko datti ya rufe shi. Ɗan karkata babur ɗin hagu a hankali, idan man ya sauka ka ga iyakarsa, ka samu amsa.

Kafin ka mayar da murfin duba 'yar robar da ke wuyansa. Idan ta tsage ko ta bushe, canza ta, kuɗinta bai kai na shayi da burodi ba. Da hannu ake ɗaure murfin, ba da filaya ba.

Sau nawa? Mai kabu-kabu ko mai kai kaya ƙauye, kowace safiya. Mai zuwa ofis ya dawo, sau ɗaya a sati ya isa, ranar Juma'a ko Asabar lokacin wanki. Kowa kuma ya duba kafin doguwar tafiya da bayan an dawo.

Geji ba yawan mai kaɗai yake faɗa ba

Tunda ka riga ka zare shi, shafa ɗigo a tsakanin yatsu biyu, ka kuma kai hanci.

Baƙi shi kaɗai ba laifi ba ne. Sabon mai kalar zuma ne, kuma cikin 'yan kwanaki yake yin duhu saboda yana kwashe dattin ƙuna, aikinsa ke nan. Man da ya yi wata yana aiki bai canza kala ba shi ne ma abin zargi. Abin dubawa shi ne jikinsa. Idan ka murza ka ji santsi da ɗan danƙo, yana da sauran rai. Idan ya tsinke kamar ruwa, ko yana warin ƙuna, ya gama. Idan ka ji ƙurji-ƙurji kamar yashi, ƙura tana shiga, je ka duba matatar iska, wataƙila soson ya yage ko wani ya cire shi wai don babur ya ƙara gudu. Idan kuma ka ga ƙyalli-ƙyallin ƙarfe a hasken rana, wani abu yana cin wani a ciki, a kai wa bakanike tun ƙarar ba ta fito ba.

Idan man ya koma kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga. Da damina ake yawan ganin haka, bayan an ratsa rafi ko kwalbatin da ya cika, ko bayan wankin inji da injin feshi. Wannan ba a jira, juye ake yi a ranar, a kuma sake wani bayan 'yan kwanaki idan kalar ba ta washe ba.

Akwai kuma abin da ke ruɗa mutane: mai yana ƙaruwa da kansa. Wani har murna yake yi. Shinshina, za ka ji warin fetur. Allurar kafireta ce ba ta rufewa sosai, mai babur kuma ba ya rufe mabuɗin fetur da dare, sai fetur ya riƙa tsiyaya ta silinda yana sauka cikin baƙin mai. Man da fetur ya tsinka ba ya riƙe ƙarfe. A gyara kafireta, a yi juye, a kuma koyi rufe fetur idan an kafe babur.

Ciko

Tazarar da ke tsakanin layin ƙasa da na sama ba ta da yawa, rubu'in lita ce ko ƙasa da haka. Don haka da kaɗan-kaɗan ake ƙarawa. Sa mazurari mai tsabta, zuba kamar rabin ƙaramin kofin shayi, jira minti ɗaya ya sauka, auna, sannan ka ga ko za a ƙara. Ka yi ƙoƙari ya zama irin man da ke ciki ne. Idan a hanya ne ba ka samu irinsa ba, kowane man 4T mai kyau ya fi babu, sai dai ka matso da ranar juye.

Wasu suna ganin ƙarin mai ƙarin lafiya ne. Ba haka ba ne. Idan ya wuce layi, ƙarafan da ke juyawa suna dukansa ya yi kumfa, famfo kuma ya riƙa tura iska maimakon mai. Matsi yana ƙaruwa a ciki, sai man ya nemi hanya: ya fasa robobin da ke tare shi, ko ya bi ta bututun numfashin inji ya jiƙa matatar iska, babur ya fara hayaƙi da nauyin tashi. Idan ka zarce, sirinji babba da ɗan siririn tiyo sun isa su zuƙe rarar ta ramin geji. Ya fi sauƙi a kan kwance notin ƙasa kana ƙoƙarin mayar da shi mai yana kwarara a hannunka.

Wane mai za a saya

Rubutu uku za ka nema a jikin roba.

Na farko kaurinsa, kamar 20W-50 ko 10W-30 ko 10W-40. Lambar farko tana nuna yadda man ke gudu idan inji da sanyi, ƙaramar lamba ta fi saurin kaiwa sama da safe. Ta biyu kaurinsa ne idan ya yi zafi, ana auna shi a digiri 100. A zafin ƙasarmu 20W-50 ne aka fi amfani da shi, ya kuma dace da yawancin baburan haya da injinan da suka kwana biyu. Amma wasu sababbin injina an ƙera su ne a kan 10W-30, hanyoyin man cikinsu matsattsu ne. Idan kamfani ya rubuta haka, bi shi, kada wani ya ce maka mai kauri shi ne mai ƙarfi. Man SAE 40 mai lamba ɗaya da ya cika kasuwa yana aiki da rana, amma da asubar hunturu a Jos ko Zariya yana yin nauyi, ya ɗauki lokaci kafin ya hau kan inji, kuma a wannan 'yan daƙiƙun ne inji ya fi cin kansa.

Na biyu, kuma shi ne wanda ba a cika sani ba: JASO MA ko MA2. Wannan ma'auni ne da Japan ta fito da shi a 1998 musamman don babura, aka ƙara rabe shi zuwa MA1 da MA2 a 2006. Dalilinsa kuloci ne. Man motocin zamani da yawa ana sa masa sinadarin ƙara santsi don a rage shan fetur. A mota ba matsala, kulocinta a bushe yake a waje. A babur kuwa faifan kuloci cikin man suke, idan santsi ya yi yawa sai su fara zamewa: ka murza totur inji ya yi kuka, babur bai ƙara gudu ba, musamman a hawa ko da goyo. Sau da yawa ana canza faifan kuloci alhali man ne mai laifi. Ko roba-roba da ba ta da hannun kuloci, tana da kuloci a ciki yana wanka a mai, ita ma MA take so. JASO MB na baburan da ke tafiya da bel ne ba sarƙa ba, waɗanda ba a sa musu giya.

Na uku API, ma'aunin ingancin mai, za ka ga SJ ko SL ko sama da haka. Kowanne daga cikinsu ya wadatar da ƙaramin babur.

Sai maganar man awo, wanda ake ɗurawa a kwalba daga durom a bakin titi. Ban ce duka gurɓatacce ne ba, amma ba ka da hanyar sanin abin da ke ciki, kuma jabun mai ba tatsuniya ba ce, hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki a Najeriya ta sha kama shi a kasuwanni. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsa da na roba a rufe bai kai kuɗin ringi ɗaya ba. Saya a gidan mai ko shagon da ka yarda da shi, duba hatimin murfi bai karye ba, a buɗe a gabanka. Idan an gama, huda robar ko ka tafi da abarka, don irin waɗannan robobin ake tsinta a sake cikawa.

Juye

Littattafan kamfanoni sukan ba da kilomita 3,000 zuwa 5,000 tsakanin juye da juye, wasu ma fiye. Wannan lissafin hanya mai kwalta ne da mutum ɗaya a kai. Babur ɗin da ke ɗaukar buhun masara biyu da mutum a hanyar burji cikin ƙura ba ya cikin wannan lissafi. A ganina, mai irin wannan aiki kada ya wuce kilomita 1,500 zuwa 2,000. Wanda ke yin kilomita 100 a rana, sati biyu zuwa uku ke nan. Wanda ba ya hawa sosai ya canza duk wata shida ko da mita ba ta kai ba, don gajerun tafiye-tafiye suna tara danshi a mai. Sabon babur ko wanda aka yi wa aikin inji, juyen farko a kilomita 500 zuwa 1,000, saboda garin ƙarfen da sababbin kaya ke zubarwa.

Wani abin sha'awa: injin CG125 da Honda ta fitar a 1975, wanda da yawa daga baburan Sin da ke kasuwanninmu jikokinsa ne, an ƙera shi ne bayan injiniyoyin kamfanin sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga mutane ba sa canza mai sai babur ya tsaya. Suka yi injin da zai jure sakaci. Shi ya sa yake yafe mana da yawa, har muka ɗauka ba ya mutuwa.

Ga yadda ake yi. Ɗumama inji minti biyar don man ya saki jiki ya kwaso dattin da ya kwanta, sai ka kashe ka cire makulli. A kula da salansa, tana ƙona ƙwauri. Kafe a ƙafar tsakiya, sa tasa a ƙasa, kwance geji don iska ta shiga. Notin juye yana can ƙasan inji, yawanci sifana mai lamba 17 ke kama shi. A injinan tsarin CG babban murfi ne mai lamba 24 a ƙasa ta hagu, kuma idan ka kwance shi sifirin da 'yar raga mai kamar hular yatsa za su biyo man su faɗo. Lura da yadda suka fito, don haka za su koma. Yi amfani da sifana mai zobe, mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan noti.

Bar shi ya tsiyaye sosai, ka ɗan karkata babur ɗin dama da hagu. Taka kik a hankali sau uku ko huɗu da makulli a kashe ba laifi, yana fito da ragowar. Abin da ba a yi shi ne tayar da inji babu mai wai don ya fito duka, ko ɗura fetur ko kananzir a ciki a girgiza. Na sha ganin ana yi, ana kiransa wanke inji. Ragowar fetur ɗin tana zama ta tsinka sabon man tun ranar farko, tana kuma busar da robobi. Ita ragar ce ake wankewa da kananzir a waje, a bar ta ta bushe, a duba ko ta huje. Idan babur ɗinka mai matatar takarda ne, a canza ta, ba a wanke ta. Akwai kuma wata matatar mai juyawa a bayan murfin kuloci da ke tara datti kamar laka, ana buɗe ta a kankare wajen kowace kilomita 10,000 zuwa 12,000. Wannan aikin bakanike ne, amma sai ka tuna masa, ba kasafai suke yi da kansu ba.

Kafin ka zubar da abin da ke tasa, kalle shi, ka kuma auna shi da ido. Idan lita aka zuba, rabi ya fito, ka san babur ɗinka yana shan mai kuma dubawarka ta yi ƙaranci.

Goge notin, duba wosharsa. Idan ta baje ko ta tsage, sa sabuwa. Fara murɗa notin da yatsu har ya zauna, sannan ka kawo sifana ka ɗaure daidai ƙarfin hannu. Kada a taka sifana da ƙafa, kada a ƙara mata bututu. Notin ƙarfe ne, gindin inji kuwa alminiyom ne mai laushi, idan tiredin ya tafi ka shiga hidimar da ta fi juye goma tsada. Babban murfin nan mai lamba 24 ma saurin fashewa gare shi.

Sai zubawa. A injina da yawa an rubuta adadin a jikin ƙarfen kusa da ramin geji. Kada a juye robar lita ɗaya duka don kawai an saya. Idan injinka 0.8 ko 0.9 yake ɗauka, ragowar ta zama ta ciko. Zuba kaso mafi yawa, auna, rufe, tayar a silo minti biyu ba tare da murza totur ba, kashe, jira, sake aunawa, sannan ka cike zuwa layin sama. Tsuguna ka leƙa ƙasan noti ko yana gumi. Idan a gareji ake yi maka, kada ka tafi shan rake ka dawo a ce an gama. Tsaya a kai, kuma kai da kanka ka zare geji kafin ka biya. Rubuta lambar mita da kwanan wata a ɗan bandeji ka manna a ƙarƙashin kujera, ko ka ajiye a waya. Idan mitar ta mutu, kamar ta yawancinmu, ƙirga da kwanaki.

Idan man yana raguwa

Kowane inji yana ɗan shan mai, musamman a doguwar tafiya da gudu. Amma idan kana ciko duk bayan kwana biyu, hanya biyu ce: ko yana zuba, ko yana ƙonewa.

Don gane zuba, wanke inji ya bushe, ka yi 'yar tafiya, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana. Inda ɗigon ya sauka zai nuna maka wajen da za ka bi da ido zuwa sama. Wuraren da aka saba su ne notin juye, gindin sandar giya, gindin kik, bayan ƙaramin haƙorin sarƙa, da murfin kan inji. Akasari roba ce ko gaskit, gyaran awa ɗaya. Idan man yana kaiwa tayar baya, wannan ya wuce maganar inji, ya zama maganar ƙashinka idan tayar ta zame a kwanar hanya.

Ƙonewa kuwa salansa ce ke tona ta. Sa wani ya murza totur kana tsaye a baya. Shuɗin hayaƙi mai warin mai shi ne shaida. Idan da safe kawai yake fitowa ya ɗauke, an fi zargin robobin bawul. Idan kullum ne kuma yana ƙaruwa da totur, ringi ne ko silinda ta ci. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, ba ruwan baƙin mai, farin tururin sanyin safiya kuma ba komai ba ne. Kwance fulogi ma ka gani: idan bakinsa jiƙe yake da baƙin maiƙo, magana ta tabbata. Zuba mai mai kauri yana rage hayaƙin na ɗan lokaci, masu sayar da tsohon babur sun san wannan sarai, don haka mai saye ya zare geji ya murza kafin a yi ciniki.

Tsohon man da ka tara kuma kada ya tafi kwata ko bakin rijiya, ƙasa ba ta cinye shi, ruwan sha yake bi. Kada a shafa wa dabba don kaska ko ƙurji, kada mutum ya shafa a ciwo, cike yake da gubar ƙuna da garin ƙarfe, yawan taɓa shi ma illa ne ga fata, a wanke hannu da sabulu bayan aiki. Ɗura shi a robar da ka juye, ka rufe, ka kai gareji, akwai masu zuwa saye. Kada dai a zuba shi a robar lemo a ajiye a tsakar gida inda yara ke wasa.